Yadda muke bin ƙarancin jinin 'yan mata da samari, daga ɗakin awo har tsakar gida

A ƙananan asibitocin da ke bakin fadamar Gulbin Kebbi, daga Augie da Argungu har gangarawa Bunza da Suru, yarinya 'yar shekara 13 zuwa 17 ba ta cika zuwa da ƙafarta ba, kawo ta ake yi. Mai kawo ta kuma ba ya cewa jini ya yi mata kaɗan. Abin da mu ma'aikatan lafiya muke ji shi ne ta cika kwanciya, ta zama raguwa, in ta ɗauko ruwa sai ta tsaya tana haki, ko jiri ya ɗebe ta wurin daka. Wasu sun riga sun yanke cewa shawara ce, har an yi ta ba ta jiƙo kafin a zo. Saboda haka abin da muke fara rubutawa a kati, tun ba mu taɓa ta ba, shi ne wanda ya rako ta da matsayinsa a gidan: uwa ce, kishiyar uwa ce, goggo mai riƙonta ce, kaka ce, ko uwar miji. Daga nan muke sanin wa za mu tambayi me, da kuma hannun da magani zai shiga idan an koma gida.

Muna fitar da ita haske mu duba cikin fatar ido ta ƙasa, da harshe, da tafin hannu. Lalle yana rufe launin tafi da farce, kwalli kuma yana rikita ido, don haka harshe ya fi faɗa mana gaskiya. Amma duban ido ba ya kama komai sai wanda ya yi nisa. Awo ne ke raba gardama. A goge yatsa, a bari ya bushe, a soka, a share ɗigon farko, a ɗauki na bayansa. Kada a matse yatsan, domin ruwan jiki zai gauraya da jinin, na'ura ta nuna adadi ƙasa da na gaskiya. Ma'aunin da muke bi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne: daga shekara 12 zuwa 14, mace ko namiji, himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, ƙasa da 12 ƙarancin jini ne. Daga 15 zuwa sama mace na nan a 12, namiji ya koma 13. Mai ciki 11, sai dai a watanni ukun tsakiyar ciki 10.5 ne. Idan sakamakon PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, aka kawo mana daga wani wuri, mukan raba shi gida uku mu sami kusan adadin.

Wadda ta faɗo ƙasa da 8, ko mai ciki ƙasa da 7, ko wadda ke haki tana zaune, ƙafa ta kumbura, ido ya yi rawaya, ba tamu ba ce. Takarda muke rubutawa zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, ko Birnin Kebbi. Kuma muna gaya wa dangi su tafi da manya biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini. In ba a faɗa musu ba, mace ɗaya ce za ta raka ta, a isa can a ce ana son jini, a kwana ana neman maza a waya.

Sauran, waɗanda suke tsakanin 8 da 12, su ne mafi yawa, su ne kuma aikinmu. Tambayar ita ce ta ina jinin ke tafiya, ko me ya hana shi taruwa. A nan ƙasar ƙofofin sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, tsutsar ciki, jinin al'ada mai yawa, abinci, sai sikila. Sau da yawa biyu ko uku ne suka haɗu a jiki ɗaya. Gwajin maleriya na yatsa minti 15 zuwa 20 ne. Fitsari muna son a kawo shi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsargiya ya fi fita, mu tsoma tsinken gwaji mu ga ko akwai jinin da ido ba ya gani. Muna tambaya ko tana ciwon ƙashi da gaɓoɓi tun tana ƙarama, ko an taɓa ƙara mata jini, ko akwai mai sikila a ɗakinsu. In da alama, sai an yi gwajin jinotayif, mai nuna ko tana da sikila, kafin a ba ta ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, domin jinin mai sikila fashewa yake yi, ba rashin sinadarin ƙarfe ke damunsa ba, kuma wadda aka sha ƙara wa jini ƙarfen ma yawa yake yi mata.

Wurin da aikin ya fi tsayawa shi ne maganar al'ada. Yarinya ba za ta buɗe baki gaban uwarta ba, uwar ma sau da yawa ba ta sani ba. In 'yar fari ce abin ya fi tsanani, domin uwar da ko sunanta ba ta kamawa ba za ta zauna tana ƙirga mata kwanakin jini ba. Wannan ba sakaci ba ne, kunya ce da aka tashi da ita, kuma ma'aikacin da ya hau uwa da faɗa a kan haka ya rufe wa kansa ƙofa. Abin da muke yi shi ne mu ce, "Inna, ki ɗan ba mu wuri mu duba yarinyar nan, yanzu za mu kira ki." Mace ce ke zama da ita. Ba ma tambayar ko jinin yana da yawa, domin ba ta da abin gwadawa, nata kaɗai ta sani. Muna tambayar kwana nawa take yi ba ta salla, sau nawa take sake ƙunzugu daga asuba zuwa isha, ko yana ɓata mata zane ko tabarma da dare, ko yana zuwa da guda-guda. Wanda ya wuce kwana 7, ko ake sake ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, ya yi yawa, kuma sai likita ya gan ta ko da mun fara ba ta magani. A wannan zaman ne kuma muke tambayar yaushe ta ga na ƙarshe, domin akwai magungunan da ba ma bayarwa a watanni ukun farko na ciki.

Kafin ta fita muna yi mata tambaya ɗaya: a gidan wa take iya gaya wa irin wannan magana? Amsar takan zama kaka, saboda wasan da ke tsakanin kaka da jika, ko goggo, ko yayar da ta yi aure a kusa, wani lokaci ma amaryar babanta da ba su da nisa a shekaru. Wannan matar muke nema. Ita za mu koya wa abin da za ta lura da shi, ita ce kuma za ta kai wa uwa maganar ta hanyar da ba wanda zai ji nauyi.

Akwai abin da ke bukatar taka-tsantsan sosai. Tsargiya a jikin mace ba ta tsaya ga mafitsara ba, ƙwanta na zama a al'aura, ya kawo ƙaiƙayi, fitar ruwa, ciwon mara, da ɗigon jini ba lokacin al'ada ba. Alamun sun yi kama da ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa. Kalma ɗaya da ma'aikaci ya saki gaban mai rakiya na iya jawo wa budurwa duka, ko a cire ta daga makaranta, ko a gaggauta aurar da ita. Don haka duk yarinyar da ke wanki a gulbi ko dashen shinkafa, ta zo da waɗannan alamu, tsargiya muke fara nema, kuma abin da muke faɗa wa dangi shi ne ciwon daga ruwa yake.

Magani kuma ga yadda yake tafiya. In gwajin maleriya ya nuna, mai nauyin kilo 35 zuwa sama tana shan atimita-lumefantirin ƙwaya 4 sau biyu a rana har kwana 3, jimla 24. Mai kilo 25 zuwa 34 ƙwaya 3. Sha na biyu bayan awa 8, kuma a sha da abinci mai maiƙo ko nono. Abin da ke ɓata shi a gida shi ne ranar biyu ta miƙe, sai a ajiye ragowar don ƙanenta in ya yi zazzaɓi. Muna faɗar wannan ƙarara tun a asibiti. Tsutsar ciki albendazol ne, miligiram 400 sau ɗaya, a tauna a gabanmu. Tsargiya farazikwantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo, ƙwayarsa kuma 600 ce, wato mai kilo 45 ƙwaya 3. In ba sikeli, akwai sandar awon tsayi: santimita 138 zuwa 149 ƙwaya biyu da rabi, 150 zuwa 159 uku, 160 zuwa 177 huɗu. Ba a shan sa da yunwa. Yawancin jiri da murɗar ciki da amai da ke sa gari ya guji maganin, daga shan sa ba a karya ba ne, shi ya sa muke tura a sayo ƙosai ko fura kafin mu miƙa. Ba ya kashe ƙananan tsutsotsin da ba su girma ba, don haka wadda ta shiga ruwa kwanan nan tana iya bukatar a maimaita bayan 'yan makonni.

Ƙwayar ƙarin jini ta miligiram 200 tana ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin 60 zuwa 65. Muna farawa da ɗaya a rana tare da folik asid, wato bitamin mai taimaka wa jiki yin jini, likita na iya kai ta biyu. Abu uku muke nanatawa ga yarinyar da mai riƙe maganin, su biyun tare. Bayan gida zai yi baƙi, ba illa ba ce. In ba a faɗa ba, rana ta uku za a ce maganin na ƙona mata hanji a zubar da shi. Na biyu, in tana tashin zuciya ta sha bayan tuwon dare, kada ta daina. Na uku, a ɓoye shi inda yara ba sa kaiwa, domin jajayen ƙwayoyin nan kamar alawa suke a idon ƙaramin yaro, kuma in ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi. Ba a ajiye su ƙarƙashin filo ko cikin kwanon jere na ƙasa.

Dangi sukan nemi a rubuta musu na kwalba, domin a ganinsu mai tsada ya fi ƙarfi. Wasu su haɗa lemon malt da madarar gwangwani, wasu zoɓo saboda ja ne. Ba ma yi musu dariya, amma muna cewa kuɗin kwalba ɗaya ya isa sayen hanta da wake na kwanaki, madara kuma in aka haɗa ta da ƙwayar rage shigar ƙarfen take yi.

Cikin makon farko muke zuwa gida, kuma ba ma faɗawa gidan mutane kai tsaye. Ana sanar da mai unguwa, a yi sallama da maigida a zaure, mata su shiga ciki. Lokacin da ya fi amfani shi ne wajen la'asar, ana shirin tuwon dare, domin abin da ido zai gani ya fi abin da za a faɗa. Muna duba kwano nawa ake rabawa da yadda ake bi. A yawancin gidaje na maigida ake fara zubawa, da nama ko kifin da ke cikin miya, sai na samari, sai na ƙanana. Budurwar da ta yi surfe da daka da tuƙi ita ke cin abin da ya rage tare da iyaye mata, tuwo da romon miya. Ba wanda ya yi niyyar cutar ta, tsari ne aka gada, amma ya faɗo daidai shekarun da take girma da sauri tana kuma zubar da jini duk wata. A gidan da ke da mata biyu ko uku muna tambayar yadda kwanan girki yake, domin akwai yarinyar da ke ƙoshi ranar girkin uwarta kaɗai. Wadda aka saki uwarta, ko marainiya, ko 'yar riƙo, ita muka fi sa wa ido. Ba ma tuhumar kishiya. Mukan ɗora mata amanar ne a gaban kowa, mu ce, "Hajiya, ke muka ba riƙon maganin nan, ke za mu tambaya." Matar da aka girmama haka da wuya ta bari a ji kunyarta.

Sai talla. Yarinyar da ke fita da farantin shinkafa da wake ko fura tun hantsi takan wuni ba ta ci daga abin da take sayarwa ba, domin a ƙirge yake. Hana tallar ba ya hannunmu, kuma da ita ake tara kayan ɗaki. Abin da muke roƙo shi ne ta ci kafin ta fita, a kuma ware mata nata kason daga cikin tukunya kafin a ƙirga na sayarwa.

Gyaran abinci muna yin sa da abin da ke cikin gidan. Ƙarfen da ke cikin hanta, nama da kifi ya fi saurin shiga jiki, don haka hanta ko sau ɗaya a mako, da ƙananan busassun kifi a daka su duka a zuba a miya, yadda ba wanda zai tsame nasa. Wannan dabarar ta fi roƙon a sake rabon nama, domin ba ta taɓa girman kowa. Wake, zogale, alayyahu, rama da daddawa suna da ƙarfe, sai dai yana bukatar tsami ya taimaka masa: lemun tsami, tumatir ɗanye, gwaiba, garin 'ya'yan kuka. Ganye a sa shi ƙarshen dahuwa, a rage kanwa, domin tana lalata bitamin ɗin da ke taimakon. Shayi shi ne babban mai hanawa. A raba shi da abinci da ƙwayar da kamar awa biyu. Da azumi muna mayar da shan ƙwayar bayan asham, nesa da shayin buɗa baki. In tana cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, alamar rashin ƙarfen ce, duka ba ya hana ta, yakan tafi da kansa in jini ya dawo.

Daga madafa sai makwanci. Gidan sauro a gida yakan tafi ga maigida, da mai jego da jaririnta. Maganin riga-kafin maleriya na damina da ake bi gida-gida na yara ne 'yan wata 3 zuwa 59, allurar maleriya da aka fara a Kebbi a Disambar 2024 ita ma ta ƙanana ce. Budurwa da saurayi ba su cikin ko ɗaya, ga shi su ne ke kwana a tsakar gida lokacin zafi. Muna ƙirga shimfiɗu, mu ƙirga gidajen sauro, mu duba wanda aka mayar shingen lambu ko aka ajiye a akwati don kayan aure. Muna duba masai, da ko yara na tafiya daji ba takalmi, domin tsutsar da ke shan jini a hanji ta fatar ƙafa take shiga.

Maganar ruwa ba ma yin ta da fatar baki. Cewa mutumin Argungu ko Yauri ya bar gulbi zance ne kawai, abincinsa na can. Ƙwayar tsargiya daga dodon koɗi take fita, ta fi yawa da tsakar rana a ruwa mai kwanciya da ciyawa. Abin da ke yiwuwa shi ne a mayar da wanki da wanka sassafe, ko a ɗebo ruwan a ajiye shi kwana biyu kafin a yi wanka da shi, a daina fitsari a ruwa, kuma kowa ya karɓi magani in an zo rabawa a makaranta ko unguwa. 'Yan matan da ba sa zuwa boko rabon makaranta yakan tsallake su, sai mun bi sunayensu ta hannun malaman Islamiyya.

Duk wannan ba ya zama sai maigida ya yarda, shi ke riƙe da kuɗin cefane da izinin fita. Ba ma kawo masa maganar al'ada. Mukan ce, "Ranka shi daɗe, mun auna jinin yarinyar nan, ya kamata ya kai 12, mun samu 9. Abu uku muke roƙo." Sai mu faɗe su: izinin ta dawo awo bayan mako huɗu, kifi ko hanta a cefane, da gidan sauro. Maza na karɓar lamba fiye da dogon bayani, kuma roƙo in ya wuce uku ba a riƙe ko ɗaya. In yarinyar matar aure ce, uwar miji ake fara gani kafin mijin. Mai ciki kuma tsarinta daban: ƙarfe kullum, folik asid ƙarami na maikurogiram 400, da Fansidar, maganin riga-kafin maleriya, wata-wata daga mako na 13. Babban folik asid na miligiram 5 yana rage ƙarfin Fansidar, kuma shi ne ya fi yawa a kemis, sai an duba abin da aka sayo.

Samari ba a cika kawo su ba sam. Suna kwana a zaure ko shago, ko a fadama suna gadin injin ban ruwa lokacin noman rani, cikin sauro, da rana kuma su faɗa ruwa. Jini a ƙarshen fitsari wasu iyaye na ɗaukar sa alamar balaga. Su ta hannun uba ko yaya ake samun su, almajiri kuma ta hannun malaminsa da uwar ɗakin da yake yi wa aiki. Saurayin da ke gajiya a gona yakan nemi ƙwayar ƙarfi wurin abokai, don haka in muka ga jininsa ya yi ƙasa muna tambayar abin da yake sha don aiki, a keɓe, ba gaban uba ba.

Bayan mako huɗu muna son ta dawo da ledar maganin, mu ƙirga abin da ya rage kafin mu soka yatsa. In ana sha daidai, ya kamata awon ya ƙaru da 1 zuwa 2. In bai motsa ba, muna bi daki-daki: ko ba a sha ba, ko an raba da wata a gidan, ko da shayi ake haɗiya, ko jinin na ci gaba da zuba ta al'ada ko fitsari, ko zazzaɓi ya dawo. In duk babu, sai mu tura ta gaba a yi cikakken gwaji. In ya kai 12 ba a tsayawa, ana ƙara wata uku don a cika ma'ajiyar jiki, kuma a nan ne mafi yawa ke yankewa, tunda ta warke a idon kowa. Daga baya tana iya komawa tsarin riga-kafi na mako-mako, ƙarfe miligiram 60 da folik asid miligiram 2.8, wata uku ana sha wata uku ana hutawa.

Abu biyu ke ɓatar mana da yara a tsakiyar magani. Ɗaya ambaliya ce: ƙauyukan cikin fadama hanyarsu na yankewa a Agusta da Satumba, don haka tun Yuli muke ba su na wata biyu a haɗe. Ɗayan aure ne, da yakan zo bayan kaka, yarinya ta tare a wani gari. Tun ziyarar farko muke tambayar ko an sa rana. In an sa, muna rubuta awon farko, da na ƙarshe, da ranar da za ta gama ƙwayar a ƙaramin kati, mu ba goggon da za ta raka ta ɗakin miji, tare da sunan asibitin da ya fi kusa da can.